Janye Tayin Sabunta Haya da Haƙƙin Ɗan Haya: Nazari a Kan Unguwar Magajiya, Suleja

Tsakure

Maƙalar ta duba matsayin ɗan haya idan mai gida ya yi masa tayin sabunta haya, daga baya ya janye. An auna lamarin da hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Nijeriya da kuma fiƙihun Malikiyya. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, janye tayi ba izinin kora ba ne, kuma mai gidan da alkawarinsa ya jefa ɗan haya cikin ɗawainiya, shi ya kamata ya ɗauki asarar.

Gabatarwa

Suleja ita ce Abuja ta asali, garin da Sarki Abu Ja ya kafa a 1828. Bayan dokar 1976 da ta ƙirƙiro sabon birnin tarayya, sunan ya koma can, garin ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, musamman kuma bayan rushe-rushen 2003 zuwa 2007, ma'aikata da 'yan kasuwar da hayar birni ta fi ƙarfinsu suka kwararo Suleja da Madalla. A tsofaffin unguwanni irin su Magajiya, gidajen gado da dama sun koma ɗakunan haya da shaguna. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, galibi ta hannun dillali, kuma sau da yawa rasit ne kaɗai takardar da ke tsakani. Idan wa'adi ya kusa, mai gida ya ce a ci gaba a kan kuɗi kaza. Kafin ɗan haya ya harhaɗo kuɗin, wani ya zo da abin da ya fi, sai magana ta juya.

Tayi da amincewa

Dokar yarjejeniya da Nijeriya ta gada daga Ingila ba ta ɗaure mai tayi kafin a amsa masa. A shari'ar Routledge da Grant ta 1828, wadda a kan gida aka yi ta, an ba da mako shida a yi shawara, aka janye kafin su cika, kotu ta ce janyewar ta yi. Sharaɗi guda ne: labarin janyewar ya isa ga wanda aka yi wa tayin kafin ya amsa, kamar yadda aka yanke a shari'ar Byrne da Van Tienhoven a 1880. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin a kasuwa ma ciniki bai faɗa ba sai an ce "na sallama". Inda ɗan haya ke yanke wa kansa igiya shi ne wurin neman ragi. Idan an ce masa dubu ɗari uku ya ce ɗari biyu da hamsin, a idon doka ya ce "albarka" ke nan, ya kashe tayin farko, kamar yadda shari'ar Hyde da Wrench ta 1840 ta nuna. Amma in ya amsa tayin yadda yake, ko ya tura kuɗi aka karɓa, yarjejeniya ta ƙullu, abin da mai gida ke kira janyewa ya zama saɓa yarjejeniya. Saƙon WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki suna iya zama hujja a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Sai dai Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar bankin UBA da Tejumola ta 1988 cewa yarjejeniyar haya ba ta cika sai ranar farawa ta fito fili. "Za mu daidaita" ba yarjejeniya ba ce.

Zama a gida bayan an janye

Ko da janyewar ta inganta, haƙƙin zama bai faɗi tare da ita ba, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Dokar karɓe gidaje ta Abuja da takwarorinta na jihohi sun tafi a kan tsari kusan guda: in babu wata yarjejeniya daban, mai hayar wata-wata notis ɗin wata guda, mai hayar shekara-shekara wata shida, sannan notis na kwana bakwai cewa za a je kotu. Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa ba ta buƙatar notis na farko, amma na kwana bakwai yana nan, kuma alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fita. A shari'ar Oduye da Nigeria Airways ta 1987, Kotun Ƙoli ta amince cewa wanda ya shiga gida bisa ƙa'ida yana cikin kariyar doka bayan wa'adinsa ya ƙare. A shari'ar Ihenacho da Uzochukwu ta 1997 ta hana mai gida ɗaukar doka a hannunsa. Saboda haka sauya kwaɗo, yanke wuta, cire ƙofa ko kwashe kwanon rufi da damina, duk ta'adi ne da ake neman diyyarsa. Kariyar dai tana da iyaka. A shari'ar Odutola da Papersack ta 2006, wanda ya ci gaba da zama ya kasa tabbatar da yarjejeniyar shekara-shekara, aka ɗauke shi mai zaman alfarma, wanda kwana bakwai suka ishe shi. Ɗan hayan da ya dogara da maganar baka kawai yana iya faɗawa wannan ramin.

Alkawarin da ya jawo ɗawainiya

Akwai giɓin da waɗannan hukunce-hukunce suka bari. A ɗauki tela mai shago a Magajiya. An ce masa ya ci gaba, ya sa aka yi sabon daɓe, ya ja wayar wuta, ya bar wani shagon da ya samu ya wuce shi. Bai kai ga biya ba aka janye. A tsantsar dokar tayi, ba shi da komai sai kwanakin notis. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jihar Neja ke hukunci da shi tsakanin Musulmi, ya fi kusa da adalci a nan. Mashhurin zance a mazhabar, wanda ake dangantawa ga Ibnul Ƙasim da Sahnun, shi ne alkawari yana zama dole a gaban alƙali idan an rataya shi a kan wani dalili, wanda aka yi wa kuma ya shiga ɗawainiya saboda shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ɗauki wannan ra'ayi a taronta na Kuwait a 1988, ta ce ko a cika alkawari ko a biya asarar da ta auku. Dokar boko ma tana da ƙofa: sashe na 169 na Dokar Shaida ya hana mutum musanta abin da ya sa wani ya gaskata har ya yi aiki da shi.

Za a ce gida na mai shi ne, ga tsadar siminti da faɗuwar darajar naira, ba a tilasta wa mutum ya ba da dukiyarsa a tsohon farashi. Wannan gaskiya ce, kuma da yawa daga masu gidajen nan marayu ne da tsofaffin da hayar ce abincinsu. Amma ba wanda ya ce kada a ƙara kuɗi ko kada a karɓi gida. Mai gida na da damar ya yi shiru, ko ya ce tayinsa na mako biyu ne. Abin da ba shi da dama shi ne ya furta magana, wani ya zuba kuɗinsa a kanta, sannan ya tafi ya bar shi da asara. Za a kuma ce wannan zai buɗe ƙofar ƙarya, kowa ya ce an yi masa alkawari. Amsar ita ce hujja tana kan mai da'awa, kuma diyyar ba ta wuce abin da ya kashe a zahiri, wanda rasit da shaidu za su nuna. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na jinkirin shari'a, inda ɗan haya ke fakewa da kuskuren notis ya shekara bai biya ba. Kotun Ƙoli ta soki wannan ɗabi'a a shari'ar Pillars da Desbordes ta 2021. Duk da haka, ɗan hayan da ya zarce wa'adi ana bin sa kuɗin kwanakin da ya ƙara, don haka mai gida bai rasa hanyar samun haƙƙinsa ba.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Neja ta wajabta rubuta tayin sabunta haya da kuɗinsa da ranar farawa da wa'adin amsawa, ta kuma hana janye shi cikin wannan wa'adi. Kafin nan, masu unguwanni da dillalan Suleja su riƙa sa a rubuta maganar a gaban shaidu biyu tun ranar da aka yi ta.