Giyar gargajiya ta ƙasar Beljik: ire-irenta, yadda ake yin ta da abin da ya bambanta ɗanɗanonta

A ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2016, a wani zama da ta yi a birnin Addis Ababa na ƙasar Habasha, hukumar UNESCO ta sanya al'adar giya ta ƙasar Beljik cikin jerin al'adun gado na duniya. Beljik ƙaramar ƙasa ce, faɗinta murabba'in kilomita dubu 30 da ɗoriya, ko jihar Maraɗi ta fi ta girma. Amma a cikin wannan ɗan fili ana yin giya kusan kala 1500.

Ga musulmi, hukuncin giya sananne ne, ba ya buƙatar dogon bayani. Sai dai ɗalibin da ya tafi karatu Liyej ko Luben, da ɗan kasuwar da ke zuwa unguwar Heyvaert ta birnin Burusel sayen motoci, duk za su tarar da ita a gabansu: a kanti, a gidan cin abinci, wani lokaci har cikin miya. Wata ja ce kamar zoɓo, wata kuma ta yi kama da kunu. Sanin sunayenta da abin da ke cikinta ya fi jahiltarsu amfani, ga mai son fahimtar mutanen ƙasar da kuma mai son kiyaye kansa.

Kayan haɗi

Abubuwa huɗu ne ginshiƙin kowace giya ta Turai: ruwa, sha'ir, wani tsiro mai ɗaci da yisti. Sha'ir ɗin ana jiƙa shi har ya tsira, sannan a busar da shi, kamar yadda masu burkutu ke yi wa dawa. Idan an busar da shi sama-sama, giyar ta fito fara-fara ko ruwan zinariya. Idan an gasa shi sosai, ta yi duhu, ta ɗauki ƙamshin gasasshen burodi ko na kafe. Tsiron mai ɗaci shi ne wanda ake kira houblon da Faransanci, yana hawa igiya kamar wake, furensa ake tsinka. Shi ke ba da ɗaci, kuma yana hana giyar saurin lalacewa. Yisti kuwa, wato ƙwayoyin da ke sa kwaɓin burodi ya tashi, shi ke cinye sukarin hatsin ya mai da shi barasa da iska.

A yankin Bavariya na Jamus, wata doka ta shekarar 1516 ta taƙaita kayan giya ga ruwa, sha'ir da houblon. Masu giyar Beljik ba su taɓa shiga ƙarƙashin wannan doka ba. Shi ya sa suka saki hannu: suna zuba alkama, sukari, kayan ƙamshi, ɓawon lemu da ƴaƴan itace. Amma babban abin da ya raba giyarsu gida-gida shi ne yadda ake barin ta ta tsima. Hanyoyin huɗu ne, kuma wanda ya san su ya san kan zancen.

Hanya ta farko: tsima cikin sanyi

Wannan ita ce giyar da aka fi sani a duniya, wadda ake kira pils. Yistinta yana aiki cikin sanyi, ya kwanta a ƙasan tukunya. Tana fitowa garau, ruwan zinariya, da ɗan ɗaci, barasarta wajen kashi 5 cikin 100. Asalinta daga birnin Pilsen ne na ƙasar Cek, a 1842. A Beljik, Jupiler da Stella Artois su ne fitattu, kuma irin wannan giya ce jama'ar ƙasar suka fi sha yau da kullum. Kamfanin AB InBev mai mallakar su biyun, wanda cibiyarsa ke Luben, shi ne mafi girman kamfanin giya a duniya. Duk da haka, in ana zancen giyar gargajiya ta Beljik, sauran hanyoyin uku ake nufi.

Hanya ta biyu: tsima cikin ɗumi

A nan yistin yana aiki cikin ɗan ɗumi, ya taso saman tukunya. Irin wannan yisti kan bar ƙamshi iri-iri: na ayaba, na kanumfari, na masoro, ko da ba a saka ko ɗaya daga cikinsu ba. Sau da yawa kuma ana ƙara ɗan sukari da yisti a lokacin ɗurawa, giyar ta ci gaba da tsima cikin kwalba. Wannan gida shi ya fi yawan ƴaƴa.

Na farko a cikinsu giyar ruhubanawa ce, wadda ake kira trappiste. Ruhubanawa su ne mabiya ɗariƙar Katolika da suka keɓe kansu a gidajen ibada, ba su aure, suna rayuwa da addu'a da aikin hannunsu. Sunan trappiste ya samo asali daga gidan ibadar La Trappe na yankin Normandi a Faransa. Tun 1997 akwai ƙungiyar da ke ba da tambari mai kusurwa shida, bisa sharuɗɗa uku: a yi giyar cikin harabar gidan ibada, ruhubanawa su sa ido kan aikin, ribar kuma ta tafi ga buƙatun gidan da taimakon mabuƙata. Gidaje biyar ne suka rage a Beljik: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Na shida, Achel, ya rasa tambarin a 2021 bayan ruhubanawan ƙarshe sun bar gidan.

Daga Westmalle aka samu sunaye biyu da suka bazu ko'ina. Dubbel giya ce mai duhu, ja-ja, barasarta wajen kashi 7 cikin 100. Masu ɗanɗanawa kan kwatanta ta da zabibi, dabino da sukarin da aka narka har ya yi ja. Tripel kuwa, wadda gidan ya fara fitarwa a 1934, fara ce mai ruwan zinariya, amma ta fi ƙarfi: kashi 9,5. Ke nan duhun launi ba shi ke nuna ƙarfi ba. Akwai kuma masu duhu sosai da suka zarce kashi 10, kamar Rochefort 10 mai kashi 11,3 da Westvleteren 12 mai kashi 10,2. Ita wannan ta ƙarshen da wuya ake samun ta: sai mutum ya yi rajista tun kafin lokaci, ya kuma ɗau alƙawarin ba zai sake sayar da ita ba. Orval ta fita daban: busasshiya ce, mai ɗaci, barasarta kashi 6,2, kuma ɗanɗanonta yana sauyawa in ta daɗe a kwalba saboda wani yisti na daji da ake sa mata.

Kada a haɗa waɗannan da abin da ake kira bière d'abbaye, kamar Leffe da Grimbergen. Suna ɗauke da sunayen tsofaffin gidajen ibada, amma kamfanoni ne ke yin su.

Sai farar giya, blanche da Faransanci, wit a harshen Filamanci. Ana yin ta da alkama da sha'ir, a ƙara ƴaƴan koriyanda da busasshen ɓawon lemu. Ba a tace ta sosai, shi ya sa take fitowa dishi-dishi. Ɗacinta kaɗan ne, ƙamshin lemu ya fi fitowa, barasarta wajen kashi 5. Gidanta shi ne garin Hoegaarden. A 1957 gidan giya na ƙarshe da ke yin ta a garin ya rufe, har aka ɗauka ta mutu. Wani mai sayar da madara, Pierre Celis, shi ya farfaɗo da ita a 1966.

Saison giyar manoma ce daga yankin Hainaut na kudancin ƙasar, inda ake jin Faransanci. Da can ana dafa ta a gona lokacin sanyi, sa'ad da aiki ya yi sauƙi, a ajiye wa ƴan ƙwadagon da za su zo girbi lokacin zafi. Busasshiya ce, ba zaƙi, mai yawan iska, da ɗan yaji-yaji kamar na masoro. Ta da ba ta da ƙarfi sosai, tunda masu shan ta komawa aiki za su yi. Ta yau ta fi ƙarfi: Saison Dupont ta ƙauyen Tourpes tana da kashi 6,5.

Akwai kuma fara mai ƙarfi, wadda Duvel ta zama abin misalinta. Sunan na nufin shaiɗan a karin harshen yankin. A ido kamar pils take, da kumfa mai yawa, amma barasarta kashi 8,5 ce. Masana tarihi da dama na danganta yawaitar irin waɗannan giya masu ƙarfi da dokar Vandervelde ta 1919, wadda ta hana sayar da barasa mai zafi a mashaya. Da aka rufe waccan ƙofa, masu giya suka ƙara wa tasu ƙarfi.

Hanya ta uku: tsima da kanta

Wannan ita ce mafi tsufa, kuma ita ta fi jan hankalin masana. Sunanta lambic, ana yin ta a kwarin kogin Senne da yankin Pajottenland, kudu maso yammacin Burusel. Aƙalla kashi 30 cikin 100 na hatsinta ɗanyar alkama ce, houblon ɗinta kuma tsoho ne da ya riga ya saki ɗacinsa. Bayan an dafa ruwan hatsin, ba a zuba masa yisti. Ana juye shi cikin wani faffaɗan kasko marar zurfi a saman bene, a bar iska tana shiga, ya kwana. Ƙwayoyin da ke cikin iska da jikin katakon ginin su ke faɗawa ciki su fara aiki, kamar dai yadda madara ke kwana ta zama nono. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi har sunan birnin yake ɗauke da shi: Brettanomyces bruxellensis. Daga nan sai a ɗura a gangunan katako, a bar shi shekara ɗaya zuwa uku.

Lambic tana da tsami sosai, kusan babu kumfa. Daga gare ta ake samun wasu kala uku. Gueuze ita ce gaurayen sabuwa da tsohuwa, a rufe a kwalba mai kauri ta sake tsima, ta fito da iska da tsami irin na lemun tsami da ɗanyen tuffa. Kriek ita ce wadda aka jiƙa wa wasu ƙananan jajayen ƴaƴan itace masu tsami, cerise da Faransanci, na tsawon watanni. Faro kuwa sukari ake ƙara mata. Tun 1997 Tarayyar Turai ta kare sunayen Oude Geuze da Oude Kriek, ta yadda sai wadda aka yi bisa tsohuwar hanya za ta ɗauke su. Sauran kriek da ke cike da kantuna galibi an ƙara musu zaƙi.

Wannan sana'a ta dogara da sanyin dare, shi ya sa daga wajen Oktoba zuwa Afrilu kaɗai ake dafa lambic. Gidan Cantillon na unguwar Anderlecht, wanda aka kafa a 1900, ya sha kokawa cewa ɗumamar yanayi tana rage masa kwanakin aiki.

Hanya ta huɗu: gauraye

A yammacin Filanda ana haɗa hanyoyin biyu: a fara da yisti, sannan a bar giyar cikin manyan gangunan katako inda ƙwayoyin tsami ke kama ta. Abin da ke fitowa ja ne ko ruwan ƙasa, mai zaƙi da tsami a haɗe, wani abu kusa da jiƙon tsamiya da aka sa wa sukari. Rodenbach ta garin Roeselare, wadda ta faro a 1821, ita ce fitacciya cikin jajayen. Garin Oudenaarde kuma an san shi da mai ruwan ƙasa, oud bruin.

Kofi, tukunya da rubutun jikin kwalba

A Beljik kusan kowace giya da irin kofinta: na trappiste mai faɗin baki ne da doguwar ƙafa, na Duvel kamar furen da bai gama buɗewa ba, na Kwak kuwa sai an rataye shi a jikin katako don ba ya iya tsayuwa da kansa. Giya tana shiga girki ma. Carbonnade flamande, naman shanu da albasa, da giya ake dafa shi. Haka zomo da ake dafawa da gueuze ko kriek, kuma akwai cukun da ake wanke bayansa da giya. Wanda ba ya so, sai ya tambaya kafin a kawo masa abinci.

Abu na biyu da ya kamata a kula da shi shi ne rubutun jikin kwalba. Adadin barasa yana nan a rubuce da alamar % vol. Kalmar sans alcool ba ta nufin babu ko ɗigo: a Beljik tana iya kaiwa kashi 0,5, a Faransa har 1,2. Mai lamba 0,0 ita ce aka fi cire wa barasa. Bière de table, wadda a da ake sa wa a teburin iyali, tana da barasa ko da kaɗan ce. Kriek kuma, duk jan launinta da zaƙinta, giya ce cikakkiya.

Dokar ƙasar ta yarda a sayar wa mai shekara 16 giya, barasa mai zafi kuwa sai ya kai 18. Likitocin can ba su daina gargaɗi kan illar shaye-shaye ga hanta da zuciya da haɗurran mota ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2,6 a duniya a shekarar 2019. Kwalba ɗaya ta tripel ta kusa kai biyu na pils a ƙarfi, alhali a baki ba a jin haka.

Yau manyan kamfanoni sun saye sunaye da yawa daga cikin waɗanda aka ambata a sama, ruhubanawa suna tsufa ba tare da samun isassun magada ba, darare masu sanyi kuma suna raguwa a kwarin Senne. A ɗaya gefen, ƙananan gidajen giya sun ƙaru cikin shekarun baya-bayan nan, kuma kasuwar marar barasa tana bunƙasa a cikin ƙasar kanta.