Gishirin titi da tsatsar ƙarƙashin mota: abin da mai mota a ƙetare da mai saye a gida ya kamata su sani

Jama'a, yawancin motocin da ke yawo a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba sabbi aka sayo su ba. Sun yi shekaru suna aiki a Turai, Amurka ko Kanada kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Lome ko Kwatano. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyon 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Wasu daga cikinsu suna zuwa da wata cuta da ba a gani daga sama, wato tsatsar da gishirin titi ke haddasawa. Mun tattara wannan bayani saboda mutum biyu: ɗan uwanmu da ke zaune a ƙasar sanyi yana da mota, da kuma wanda ke nan gida zai zuba kuɗinsa ya saya.

Me ya kai gishiri kan titi?

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ruwa yana daskarewa a kan kwalta idan sanyi ya kai digiri sifili. Titi ya koma kamar gilashi, taya ba ta kamawa, birki ba ya ci. Ruwan da ke da gishiri kuwa ba ya daskarewa da wuri, shi ya sa hukumomi ke fitar da manyan kamiyo suna watsa gishiri a hanya. Jihar New Hampshire ta Amurka ce ta fara mayar da abin tsari a farkon shekarun 1940. Yau Amurka tana zuba wajen tan miliyon 20 a shekara, Kanada kuma kusan tan miliyon 5.

Gishirin da aka fi amfani da shi irin namu ne na miya, sai dai ba a tace shi ba. Ƙarfinsa yana raguwa idan sanyi ya sauka wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Daga nan sai a koma ga wasu gishirai biyu, na kalsiyam da na magneziyam. Waɗannan suna jawo laima daga iska, don haka inda suka manne ba ya bushewa da sauri. Akwai kuma ruwan gishiri da ake fesawa tun kafin dusar ta sauko, shi kuwa yana kutsawa kowane lungu na mota.

Yadda yake cin ƙarfe

Duk wanda ya taɓa ajiye gishirin Bilma ko manda a cikin gwangwani har damina ta wuce ya san yadda gindin gwangwanin ke komawa. To haka abin yake ga mota. Tsatsa tana bukatar abu uku: ƙarfe, ruwa da iska. Gishiri shi ne mai ingiza su, domin ruwan gishiri yana hanzarta aikin nesa ba kusa ba.

Taya tana watso ruwan gishiri da laka zuwa ƙarƙashin mota, su maƙale a saman tankin mai, cikin ramukan shasi, bayan tayoyi da ƙasan ƙofofi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsatsa ta fi gudu da ɗumi. Motar da ta kwaso gishiri aka shigar da ita garaji mai ɗumi, ƙanƙarar jikinta ta narke, ta fi wadda ta kwana a waje cikin sanyi shan wahala. Haka ma idan sanyi ya wuce ba a wanke gishirin ba, lokacin ne ɓarnar ke ƙaruwa.

Inda haɗarin yake

Tsatsar bodi muni ne kawai ga ido. Ta ƙarƙashi ita ce ke taɓa rai. Bututun birki siririn ƙarfe ne da bai kai kaurin fensir ba, yana bin ƙasan mota daga gaba zuwa baya. Idan tsatsa ta cinye shi, ranar da direba ya taka birki da ƙarfi zai iya fashewa, man birki ya tsiyaye, ƙafa ta tafi har ƙasa. Bututun mai da ɗaurin tanki su ma suna ruɓewa, haka wurin da shokazoba ke kamawa, da shasin kansa.

Wannan ba jita-jita ba ne. A watan Afrilu na 2015 hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a Amurka, bayan binciken fashewar bututun birki, ta shawarci masu motocin ƙirar 2007 zuwa baya da ke jihohin gishiri su riƙa wanke ƙarƙashin mota suna duba bututun. A 2016 kuma kamfanin Toyota ya amince da sulhu na kusan dalar Amurka miliyar 3 da miliyon 400 kan tsatsar shasi a motoci wajen miliyon 1 da rabi, ƙirar Tacoma, Tundra da Sequoia.

Ga ƴan uwa da ke ƙasashen sanyi

Abu na farko wanki ne. A lokacin sanyi a riƙa kai mota wurin wankin da ke fesa ruwa ta ƙasa, kamar bayan kowane mako biyu, musamman bayan an sha dusa. A zaɓi ranar da sanyi ya ɗan sassauta, don kada ruwan ya daskare a ƙofofi da makullai. Idan sanyi ya fita gaba ɗaya, a yi mata babban wanki guda.

Na biyu, feshin kariya kafin sanyi ya shigo, wajen Satumba ko Oktoba. Iri uku ne. Akwai mai ruwa-ruwa kamar man shafawa, wanda ke bin lunguna yana korar laima. A Kanada kamfanoni irin su Krown da Rust Check wannan sana'arsu ce, kuma ana sabunta shi kowace shekara. Wani irinsa, kamar Fluid Film, daga maiƙon gashin tumaki ake yin sa. Akwai na kakin da ake hurawa cikin ƙofofi da ramukan shasi, yana daɗewa fiye da na farko. Sai baƙin shafi mai kauri kamar kwalta ko roba. Shi wannan ya dace da sabon ƙarfe mai tsabta kaɗai. In aka shafa shi a kan tsatsa, rufe ta kawai ya yi, tana ci gaba da ci a ɓoye.

Kada a fesa komai a kan faifan birki, salansa ko bel ɗin inji. Kada kuma a yi dabarar shafa baƙin mai da aka juye daga inji: yana lalata robobi, yana ɗiga a titi, kuma a ƙasashe da yawa zubar da shi laifi ne. A buɗe ƙananan hujojin da ke ƙasan ƙofofi idan sun toshe, a sa tabarmar roba saboda gishirin takalmi, a kuma taɓa fenti duk inda tsakuwa ta ɓantare shi.

In kana shirin turo mota gida, ka sa a ɗaga ta sama ka duba da idonka kafin ka biya. A Jamus ana duba tsohuwar mota duk shekara biyu, haka ma a Faransa, kuma ruɓaɓɓen shasi ba ya wucewa. Motar da ta faɗi irin wannan bizit takan yi araha, sai ta kama hanyar tashar Antwerp ta Beljiyam zuwa wajenmu. Arahar ke nan da ya kamata ta sa ka tsaya ka yi tambaya.

Ga mai saye a nan gida

Fenti mai walƙiya da kujeru masu kyau kada su ɗauke maka hankali, wani lokaci kyan ɗan maciji ne. Ka je da makanikenka, ku hau ramin garaji, ko ka shimfiɗa buhu ka kwanta da tocila a hannu. Ja-ja-jan tsatsa ta sama da ke fita in an goge ba abin tsoro ba ce. Wadda ke kumbura tana ɓarewa falle-falle ita ce matsala. Ka ɗan ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji luƙus yana zubo da gari. In sukurdireba ta huda shi, ka haƙura da motar.

Ka bi bututun birki da ido tun daga gaba har baya. Ka tada mota, ka danne birki da ƙarfi na rabin minti. In ƙafarka tana nitsewa a hankali, akwai inda ke yoyo. Ka ɗaga kafet da wurin ajiye safaya taya. Sabon baƙin shafi a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, ka tambayi me aka rufe. Motar Amurka ko Kanada kuma, lambar shasinta mai harafi da lamba 17 tana ba da tarihinta a intanet. Ɗan uwanka na can zai iya duba maka ko ta zauna a jihohin gishiri irin su Michigan, Ohio da New York, ko lardunan Ontario da Kebek.

In ka riga ka saya

Busasshiyar iskarmu tana rage wa tsatsa gudu, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya tafi. Gishirin da ya maƙale a lungu yana nan yana jiran damina. Da zarar mota ta fito daga duwan, a wanke ƙarƙashinta sosai da ruwa mai ƙarfi, a kankare tsatsar da burushin ƙarfe, a shafa fentin kariya. Bayan kowace damina a sake wanke lakar. Bututun birkin da tsatsa ta ci ba a yi masa walda, ba a ɗaure shi da roba, canza shi ake yi gaba ɗaya.

Motar da za ta ɗauki mutum goma da buhunan hatsi ranar kasuwa, a kan shasi da birki take tsaye. Kuɗin duba su ba shi da yawa, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.