Goge: Tsirkiya Ɗaya, Iyayen Gida Barkatai

Yau daga nan Wudil zan ɗan taɓo tarihin wata sana'a da yawancinmu muke jin kunyar a ce ta gidanmu ce, wato kiɗan goge.

Idan ka ga matashi a YouTube ya saƙale gogen Turawa a ƙarƙashin haɓa, ya sha kwat, sai ka ji ana cewa wannan ɗan boko ne. To ai danginsa ne muke da shi a gida. Na Turawa tsirkiya 4 gare shi, kuma a arewacin Italiya ya samu siffarsa ta yanzu a ƙarni na 16. Namu ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Abin gogawar kuwa, nasu da namu, duk izgar doki ce.

Inda aka rabu shi ne wajen cin abinci. Matashin da ya koyi na Turawa a makarantar MUSON ta Legas, ƙungiyar da aka kafa a 1983, yana iya shiga babbar ƙungiyar makaɗa, ya koyar, ya yi wa fim kiɗa, ya je biki. Mai gogen Hausa shi ma bai taɓa tsayawa wuri guda ba, sai dai shi tilas ce ta sa. Tsohon uban gidansa bori ne, domin da goge da garaya ake kiran iskoki. Wannan alaƙar ce ta ja masa baƙin jini wajen malamai, musamman bayan jihadin 1804. Fada tana da tambari da kakaki da algaita, shi kuwa aka bar shi a waje.

Da birane suka buɗe a zamanin Turawa, sai ya koma gidajen magajiya da otal-otal. Kuɗi sun shigo, mutunci ya ƙara zubewa. Daga nan rediyo da faifai suka ɗauke shi, sunaye irin su Garba Liyo suka zagaye Arewa. Ƙaramar 'yar'uwarsa kukuma ta yi tashe a hannun Ibrahim Na Habu, sannan Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Ni a ganina waɗannan mutanen ba a biya su haƙƙinsu ba. Ana kunna su a mota ana kaɗa kai, amma wa zai ba ɗansu 'yarsa?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne labarin Dagomba a arewacin Gana. Farfesa Jacqueline DjeDje ta Amurka ta fitar da littafi a 2008 kan masu goge na Fulani da Hausawa da Dagomba. A can, gonje kiɗan sarauta ne, ana yi wa Ya-Na a fadarsa ta Yendi, kuma gado ne na wasu zuri'o'i da ke riƙe da tarihin sarakuna. Kayan kiɗa iri ɗaya fa! A Yarabawa ma, da goje Yusuf Olatunji ya yi suna a kiɗan sakara har ya rasu a 1978. Juldeh Camara na Gambiya kuwa, da tsirkiyarsa ɗaya ya hau dandamali tare da Robert Plant na Ingila.

A nan gida, bugun ƙarshe daga fiyano ya zo. Tun ƙarshen shekarun 1990 da waƙoƙin fim suka koma situdiyo a Kano, mutum ɗaya da Yamaha yana fitar da sautin da a da sai an tara makaɗa. Yanzu ko bikin ƙauye ne a kewayen Wudil, DJ ake kira da janareta, shi ya fi araha, kuma babu mai yi wa uban amarya gori a masallaci.