Katin hoto na kwamfuta: yadda ake auna ƙarfinsa da farashinsa kafin a saya

Katin hoto, wanda masu shaguna a Yamai da Garwa da N'Djamena ke kira carte graphique ko GPU, shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. A kwamfutar da aka haɗa don wasa, yawanci shi ne ya fi kowane ɓangare tsada, kuma a nan ne mai saye ya fi tafka asara idan ya bi suna kawai. Kamfanoni uku na Amurka ne ke tsara ƙwaƙwalwar waɗannan katuna: Nvidia mai GeForce, da AMD mai Radeon, da Intel mai Arc. Sauran sunayen da ake gani a kwali, irin su Asus da MSI da Gigabyte da Sapphire, su ne ke ɗora ƙwaƙwalwar a kan kati su saka mata fanka. Idan lambar katin ɗaya ce, bambancin ƙarfi tsakanin waɗannan kamfanoni kaɗan ne.

Yadda ake auna ƙarfi

Ma'aunin farko shi ne FPS, wato yawan hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya. A 30 ana iya wasa, a 60 motsi na tafiya sumul. Amma allon da aka rubuta masa 60Hz ba ya nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa, ko da katin na fitar da 200.

Na biyu shi ne yawan ɗigon allo. Allon 1080p na da ɗigo kusan miliyan 2.1, na 1440p miliyan 3.7, na 4K kuwa miliyan 8.3, ninki huɗu ke nan na 1080p. Don haka a fara duba allon da ake da shi. Mai allon 1080p bai buƙatar katin da aka ƙera don 4K.

Na uku shi ne ma'adanar kati, da ake aunawa da gigabait, a taƙaice GB. A nan ake ajiye zanen da wasa ke aiki da shi. Idan ta cika, hoto kan riƙa cijewa komai ƙarfin katin. GB 8 ya wadatar ga eFootball da EA Sports FC da Fortnite da GTA V, amma wasu sababbin manyan wasanni kan cinye shi idan an ɗaga ingancin hoto. Wanda ke son kati ya yi masa shekaru, GB 12 ko 16 ya fi masa kwanciyar hankali.

Katunan matsakaicin farashi

Farashin da ke ƙasa shi ne wanda kamfani ya sanar a Amurka ranar fitowa, babu haraji a ciki.

GeForce RTX 3060: ya fito a 2021, GB 12, wat 170, dala 329.
Radeon RX 6600: 2021, GB 8, wat 132, dala 329.
Radeon RX 7600: 2023, GB 8, wat 165, dala 269.
GeForce RTX 4060: 2023, GB 8, wat 115, dala 299.
Arc B580: 2024, GB 12, wat 190, dala 249.
GeForce RTX 5060: 2025, GB 8, wat 145, dala 299.
Radeon RX 9060 XT: 2025, mai GB 8 dala 299, mai GB 16 dala 349.
GeForce RTX 5060 Ti: 2025, wat 180, mai GB 8 dala 379, mai GB 16 dala 429.

RTX 4060 ya fi RTX 3060 sauri da ƙarancin shan wuta, sai dai tsohon ya fi shi ma'adana. RX 9060 XT mai GB 16 na dab da RTX 5060 Ti mai GB 16 a yawancin wasanni, alhali dala 80 ce tsakaninsu. Arc B580 ya fi kowa araha idan aka duba ma'adanarsa, amma yana da sharaɗi: sai kwamfutar na da tsarin Resizable BAR a kunne, kuma a kan tsohuwar kwamfuta ƙarfinsa na raguwa sosai.

A can sama akwai RTX 5090, da ya fito a watan Janairun 2025 da GB 32 a kan dala 1,999. Babu katin wasa da ya kai shi, amma yana shan wat 575, ninki biyar na RTX 4060.

Lissafin kuɗi

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba farashi da FPS a wasan da mutum ya fi yi. A ce wani kati na sefa 200,000 na ba da 80: kowane hoto ya kama sefa 2,500. Wani na sefa 330,000 na ba da 110: kowane hoto sefa 3,000. Na biyun ya fi ƙarfi, na farkon ya fi riba, kuma a allon 60Hz ido ba zai ga bambanci ba.

A yi lissafin da farashin da aka samu a hannu, bayan kuɗin ɗauko kaya da na kwastan. Ga masu kashe sefa, kwatanta da farashin Turai ya fi sauƙi, tunda yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 655.957. Katin yuro 300 ya kama kusan sefa 197,000 kafin ya hau jirgi.

Wuta da zafi

Inda ake dogara da janareta ko hasken rana, wat kuɗi ne. Tsohon Radeon RX 580 na shan wat 185, wato ya fi RTX 4060 da wat 70, ga shi kuma bai kai shi ƙarfi ba. Gidan wasa mai kwamfuta goma da ke aiki awa goma, wannan bambanci na iya kai kilowat-awa 7 a rana. Kuma duk wutar da kati ya sha zafi take zama. A garuruwan da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kati kan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, ƙurar hunturu kuma na toshe fanka. Kafin a saya, a duba ko akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta zai iya ɗaukar katin, kuma ko yana da igiyar da ta dace.

Katin hannu

A watan Satumban 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙar kuɗin kirifto, sai katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwannin gwanjo, musamman RX 580 na 2017. Akwai kuma wanda aka rubuta wa RX 580 2048SP, wanda ƙarfinsa ya fi kusa da RX 570. Kada a biya kuɗi sai an jona katin, an buɗe manhajar GPU-Z an ga ainihin sunansa da ma'adanarsa, an kuma yi wasa na kamar rabin awa ana lura da zafi da ƙarar fanka da layukan da kan ɓata hoto.

Tsohon kati na da wata iyaka. Wasanni kamar Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 na buƙatar kati mai fasahar bin diddigin haske, wadda ke lissafa yadda haske ke faɗawa kan abubuwa. RX 580 da GTX 1660 Super ba su da ita.

Abubuwan da ke ruɗa mai saye

DLSS na Nvidia da FSR na AMD da XeSS na Intel dabaru ne na zana ƙaramin hoto a faɗaɗa shi, wasu ma har su ƙirƙiro hotuna a tsakani. Suna da amfani, amma alƙaluman talla sau da yawa da su ake auna su. A nemi sakamakon da aka auna ba tare da su ba.

Katin kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ba ɗaya yake da na tebur ba, ko da suna ɗaya ne. RTX 4090 na tafi-da-gidanka, alal misali, irin ƙwaƙwalwar RTX 4080 na tebur ce a cikinsa.

Ga mai allon 1080p, katunan dala 250 zuwa 350 sun isa. Idan farashin biyu ya yi kusa, a ɗauki mai yawan ma'adana. Idan wuta ce matsalar gidan, a ɗauki mai ƙarancin wat.