Me Ya Kashe Kaifin Kulorokwin?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da gero a Ƙofar Marke, cikin birnin Sakkwato. Cewa ya yi: "Malam, a da in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, kulorokwin kawai muke ba shi ya warke. Yau likita ya ce a bar shi. Jabu ne ya yi yawa, ko me?"

To Alhaji, jabu akwai shi, amma ba shi ne tushen zancen ba. Sai mun ɗan koma baya.

Bature Kilafaton, wanda ya baƙunci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan Sakkwato ya mutu cikin Afrilun 1827, bayan doguwar jinya. A wancan zamani zazzaɓi kan kashe Turawa da yawa a ƙasashenmu. Sai a 1854 Likita Baiki ya shigo Kwara da Binuwai a jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma bai rasa ko mutum guda ba. Shi kwinin daga ɓawon wata itaciya ta Kudancin Amurka ake samunsa, kamar dai yadda mu ma muke jiƙa sassaƙen marke. Kulorokwin kuwa a Jamus aka haɗa shi a 1934, ya bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don ga araha ga aiki. Sai dai ƙaiƙayi! Wanda ya sha shi bai manta ba.

To yaya yake aiki? Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne suka gina shi, kuma da yawa daga cikinsu suna da 'yan jakunkuna masu tsami da ke narkar da datti. Wani masani ɗan Beljiyam, De Duve, ya gano su a 1955. Tsamin ba banza yake zuwa ba: wani ɗan famfo ne ke zuba shi, kuma ƙwayoyin gado da muka karɓa daga iyaye su ke ƙera famfon nan. Kulorokwin na shiga jakar da sauƙi, amma da zarar ya gamu da tsami sai ya maƙale, kamar kifin da ya faɗa gura. Shi ya sa yakan yi makonni a jiki.

Ƙwayar cutar da sauro ke zuba mana ita ma tana da irin wannan jaka, ita ce tumbinta. A ciki take narkar da jininmu, abin da ya rage kuwa dafi ne gare ta, sai ta dunƙule shi ta ajiye gefe. Kulorokwin ya taru a tumbin ya hana dunƙulewar, sai dattinta ya kashe ta.

Amma ita ma ba ta zauna ba. Wata ƙwayar gadonta ta sauya, ta buɗe ƙofa a jikin tumbin tana watso maganin waje. An fara ganin haka a Asiya da Kudancin Amurka wajen ƙarshen shekarun 1950, ya iso Kenya a 1978, sannan mu a shekarun 1980. Sai a 2000 masana suka gano ƙwayar gadon da ta yi wannan aika-aika. A ganina mu ma mun taimaka mata, don wanda ya sha rabin magani ya ajiye saura, masu rauni kawai ya kashe, ya bar masu taurin kai su hayayyafa.

A 2005 gwamnatin Nijeriya ta sauke kulorokwin, ta ɗora haɗin magani da ake kira ACT, wanda tushensa tazargade ce ta ƙasar Sin.

Saboda haka Alhaji, in jikin yaro ya yi zafi da daminar nan, kar ka tsaya wajen mai tallar ƙwaya a kasuwa. Kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar, in an ba da ACT a sha kwana ukun cif, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu.