Yadda Kundin Wata Ɗaliba Ya Kai Matasa Gyaran Turbobin Tsaunukan Amurka

A watan Oktoba na shekarar 1953, mujallar Harper's ta buga wata maƙala da ta ta da ƙura a Amurka. Marubucinta, masanin tarihi Bernard DeVoto, ya ba da shawarar a rufe manyan gandayen dajin ƙasar, irin su Yellowstone da Yosemite, a girke sojoji su tsare su har ranar da majalisar dokoki za ta ga damar ba su isasshen kuɗi. Hujjarsa ita ce, tun da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suke tururuwa zuwa waɗannan wurare a motocinsu, alhali ma'aikata sun yi kaɗan, gine-gine sun tsufa, hanyoyi kuma sun lalace.

Cikin waɗanda suka karanta maƙalar akwai Elizabeth Cushman, ɗaliba a Kwalejin Vassar da ke jihar New York. Ita ba ta ga dalilin rufewa ba. A ganinta, in dai hannu ne ya yi ƙaranci, ga dubban ɗalibai nan da suke zaman kashe wando duk lokacin dogon hutu. A kan wannan ta rubuta kundinta na kammala digiri a 1955.

Tunanin nata yana da tushe. A 1933, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar farar hula ta kiyaye muhalli, wadda aka fi sani da CCC. Ta ɗauki samari marasa aure, ta zaunar da su a sansanonin da sojoji ke gudanarwa, tana biyan kowanne dala 30 a wata, amma dala 25 daga ciki gida ake aika wa iyayensa. Kimanin samari miliyan 3 ne suka ratsa ta cikinta. Sun dasa itatuwa kusan biliyan 3, sun gina gadoji da bukkoki, sun sassaƙa turbobin ƙafa a jikin duwatsu. A 1942 yaƙi ya janye samarin, majalisa ta yanke kuɗin, aka bar turbobin ba mai duba su. Rundunar ta maza ce zalla, sai ga shi mace ce ta tashi farfaɗo da aikinta, ba kuma tare da albashi ba.

Cushman da abokiyar karatunta Martha Hayne suka yi ta bin jami'an gandayen daji har wasu suka amince a gwada. A bazarar 1957, 'yan sa-kai 53, 'yan sakandare da 'yan jami'a, suka kama aiki a gandun Grand Teton na jihar Wyoming da gandun Olympic na jihar Washington. Daga nan ƙungiyar Student Conservation Association ta samo asali.

Me ya sa turbar da aka riga aka gina take buƙatar hannu kowace shekara? Babban abokin gabarta ruwa ne. Tafin ƙafa yana danne ƙasa har tsakiyar turba ya lotsa, sai ruwan sama da na narkewar ƙanƙara su samu hanya, su bi ta suna kwasar ƙasa. Cikin 'yan shekaru turba ta zama kwazazzabo. Masu tafiya kuwa, don gudun taɓo, sai su ratse gefe su tattake tsirrai, waɗanda a ƙololuwar tsauni kan ɗauki shekaru da yawa kafin su sake tsirowa. Saboda haka yawancin aikin na karkatar da ruwa ne: a binne jerin duwatsu ko gungume a karkace don ruwa ya fice gefe, a yashe magudanun da suka toshe, a gina matakala inda gangara ta yi tsanani, a sare itacen da guguwa ta kayar. Ƙaramin ayari na matasa, ƙarƙashin manya masu jagora, yakan kafa tanti a daji na tsawon makonni, su dafa abincinsu da kansu, su wuni da diga da shebur da gatari.

Dokokin da suka biyo baya sun ƙara wa wannan hannu daraja. Dokar kare dawa ta 1964 ta haramta amfani da injuna a yankunan da aka keɓe, don haka a can sai zarton hannu da mutum biyu ke ja. A 1970 majalisa ta kafa shirin gwamnati na matasa 'yan shekara 15 zuwa 18, mai suna Youth Conservation Corps, wanda shi yana biyan lada. Bayan gobarar 1988 da ta shafi kusan kashi ɗaya bisa uku na Yellowstone, ɗaruruwan 'yan sa-kai na ƙungiyar Cushman sun shiga aikin gyaran turbobi da gadojin da suka ƙone. A 2010 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar yabo ta 'yan ƙasa, lokacin tana amsa sunan Elizabeth Titus Putnam.

Sai dai ƙorafin DeVoto bai mutu ba. A farkon shekarun 2020, ƙiyasin kuɗin gyare-gyaren da suka taru wa hukumar gandayen dajin Amurka ya haura dala biliyan 20, duk da dokar da aka yi a 2020 don rage wannan nauyi. Masu suka suna cewa aikin kyauta yana rufa wa gwamnati asiri, yana ba ta damar jinkirta abin da ya wajaba a kanta. Akwai kuma batun wa zai iya: yaron da gidansu ke jiran abin da zai samo a lokacin hutu ba shi da sukunin yin wata guda yana fasa dutse a kyauta. Wannan na cikin dalilan da suka sa shirye-shirye da dama suka koma biyan alawus, suka kuma buɗe ayarori a cikin birane.

Masu kare tsarin kuwa suna nuni da ribar da ba ta shiga kasafin kuɗi. Cushman tun farko ta yi hasashen cewa wanda ya zubar da gumi a kan ƙasa zai girma yana kishinta, kuma da yawa daga cikin tsofaffin 'yan sa-kai sun zama ma'aikatan gandayen dajin. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, ruwa ba ya jiran majalisa ta gama muhawara: da ƙanƙara ta narke, dole wani ya hau tsauni ya yashe magudanun.