Tarihin Gano Sanadin Ciwon Beriberi da Matsalar Sunansa a Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda aka gano cewa rashin wani abu ƙanƙane cikin cimaka yana iya kashe jijiyoyin mutum, sa'an nan a duba sunan da ya dace da ciwon cikin littattafan yaƙi da jahilci.

Ciwon beriberi yakan soma da mutuwar ƙafafu da jin kamar ana tsira allura, daga nan tafiya ta gagara. Wani lokaci jiki ya kumbura, zuciya ta kasa. A ƙarni na 19 ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasashen Asiya, musamman bayan da injunan casa suka yawaita, farar shinkafa ta yi araha. Galibin likitocin zamanin sun ɗauka ƙwayar cuta ce ke kawo shi.

Takaki Kanehiro, likitan sojan ruwan Japan, ya zargi abinci. A 1883 jirgin Ryujo ya komo daga doguwar tafiya, mutum 169 cikin 376 sun kamu, 25 sun mutu. A 1884 aka tura jirgin Tsukuba ta wannan hanya, amma aka ƙara wa mutanensa nama da madara da ganye. 14 kaɗai suka kamu, ba wanda ya mutu. Sojan ƙasa kuwa suka ƙi ɗaukar darasin, har ciwon ya kashe musu kimanin mutum 27,000 a yaƙinsu da Rasha na 1904 zuwa 1905.

A Batabiya, watau Jakarta ta yanzu, Christiaan Eijkman ɗan ƙasar Holan ya lura cewa kajin da ake ba sauran farar shinkafa suna shanyewa, da aka mayar da su kan wadda ba a cashe ba sai suka warke. Shi ya zaci guba ce cikin shinkafar, maganinta kuma yana cikin dusa. Gerrit Grijns ne ya gyara fassarar a 1901: wani abu ne jiki ke bukata, casa ke raba shi da ƙwayar. A 1912 Casimir Funk ya raɗa kalmar da ta zama "bitamin". Jansen da Donath suka ware sinadarin a 1926, Robert Williams ya harhaɗa shi a 1936. Shi ne tiyamin, ko bitamin B1. Wannan ya bayyana hikimar masu turara shinkafa da ɓawonta kafin casa, domin turarawa na tura sinadarin cikin ƙwaya.

Saura batun suna. A kunnen Bahaushe, daga Damagaram har Maraɗi, "beriberi" ta yi daidai da sunan Barebari, alhali kalmar daga Asiya ta fito, ba ta da wata dangantaka da su. Aronta yadda take zai jawo ruɗani, har da ɓacin rai. "Shanyewar ƙafa" kuma ta yi faɗi, tun da ciwon sukari da yawan shan giya da wasu magunguna duk suna taɓa jijiyoyi. Saboda haka ya fi kyau masu tsara littattafai su rubuta "ciwon rashin bitamin B1", domin sunan da ya faɗi sanadi ya riga ya nuna wa mai karatu inda magani yake.